Jirgi Ya Ɗauki Gudu Sai Ya Ci Birki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Fasa Tashin Jirgin Sama

Duk lokacin da labari ya bazu cewa wani jirgi ya fasa tashi, tambayoyin da fasinjoji da 'yan uwansu ke yi kusan iri ɗaya ne, musamman waɗanda ba su saba hawa ba, kamar maniyyata da ɗalibai masu tafiyar farko. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me ake nufi idan aka ce jirgi ya fasa tashi?

Ba jinkirin ɗakin jira ake nufi ba, ba kuma soke tafiya ba. Ana nufin jirgi ya hau titin tashi, hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage ta ba shi izini, matuƙi ya sakar wa injina wuta, jirgi ya fara gudu, sai kuma aka yanke shawarar tsayawa kafin tayoyinsa su bar ƙasa. Wani lokaci hakan kan faru tun jirgin yana tafiya a hankali, fasinja ba zai ma lura ba sai ya ga an kauce daga titi. Wani lokaci kuma sai gudu ya haura kilomita 200 a awa, a nan ne ake jin birki mai tsanani da rugugin inji.

Daban yake da fasa sauka, inda jirgi ke daf da taɓa ƙasa sai ya sake ɗagawa ya kewayo.

Abu ne da ke yawan faruwa?

Ba kullum ba ne, amma ba baƙon abu ba ne. Wani littafin horarwa da hukumar jiragen sama ta Amurka ta fitar tare da kamfanonin ƙera jirage a farkon shekarun 1990 ya ƙiyasta cewa a cikin kowane tashi 3,000 ana fasa ɗaya. Kimanin kashi 76 cikin 100 na waɗannan suna faruwa ne kafin gudu ya wuce not 80, wato kusan kilomita 150 a awa, inda tsayawa ba ta da wata wahala. Kashi 2 kacal ke faruwa a gudun da ya haura not 120. Da not matuƙa ke auna gudu, kuma not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa.

Saboda haka yawancin fasa tashi ba ya kai wa ga jarida. Jirgi ya koma, injiniya ya duba, a sake tashi ko a sauya jirgi.

Mene ne V1 da ake yawan ambata?

Wannan ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta. V1 wani gudu ne da ake lissafawa kafin kowace tafiya. Idan matsala ta bayyana kafin a kai shi, sauran titin da ke gaba zai isa jirgin ya tsaya. Idan aka wuce shi, babu tabbacin titin zai isa, sai dai a tashi da matsalar, a kewayo a sauka. Direban da ya taɓa fita zai wuce tirela a hanya mai hannu biyu ya san irin wannan gaɓa: akwai inda idan ka kai, ƙarasa wucewa ya fi komawa baya aminci.

Ba lamba ɗaya ba ce a kullum. Tana sauyawa da nauyin jirgin a ranar, tsawon titi, zafin gari, tudun da filin yake, inda iska ke kaɗawa, da ko titin a jiƙe yake ko a bushe. Ga jirage irin Boeing 737 da Airbus A320 takan faɗa tsakanin not 120 da 150. A irin wannan gudu jirgi na cinye kusan mita 70 a kowace daƙiƙa, shi ya sa ba a barin tunani sai lokacin. Kafin a motsa, matuƙan biyu sukan faɗa wa juna da baki abin da zai sa su tsaya da abin da ba zai sa ba. Kyaftin yana ɗora hannu a kan sandunan wutar inji tun daga fara gudu, da zarar an kira V1 sai ya ɗauke hannun, alamar maganar tsayawa ta wuce.

Bayan V1 akwai VR, gudun da ake ɗaga hancin jirgi, sai V2, gudun da jirgi zai iya ci gaba da hawa lafiya ko da inji ɗaya ya mutu.

To me ya sa ba za a taka birki kawai ba? Ai ƙasa ta fi sama aminci.

Haka zuciya ke faɗa wa kowa, har da matuƙa, kuma wannan tunanin ya ci rayuka. Nauyin aikin da birki zai yi ba daidai yake tafiya da gudu ba: idan gudu ya ninka sau biyu, aikin birki ya ninka sau huɗu. Littafin horarwar da aka ambata a sama ya bi diddigin haɗurran fasa tashi daga 1959 zuwa 1990, ya gano fiye da rabinsu an fara taka birki ne bayan an wuce V1, kuma da yawa daga cikin jiragen da an bar su sun tashi da sun dawo lafiya.

A ranar 13 ga Satumba 1982 wani DC-10 na kamfanin Spantax yana barin Malaga a ƙasar Sifen sai ya kama girgiza mai ƙarfi. Fatar tayar gaba ce ta ɓalle, jirgin kuma lafiyarsa lau ta fuskar tashi. Kyaftin ya fasa a makare, jirgin ya zarce titi, ya keta babbar hanyar mota, ya kama da wuta, mutum 50 suka rasu. A 1996 a Fukuoka ta Japan, DC-10 na Garuda ya rasa inji ɗaya cikin uku, matuƙi ya fasa bayan V1, mutum 3 suka rasu, alhali jirgin na iya tashi da injina biyun da suka rage.

Waɗanne dalilai ne ke sa a fasa?

An raba gudun tashi gida biyu. A kashin farko, ƙasa da not 80 a tsarin Boeing ko not 100 a tsarin Airbus, kusan duk abin da bai kwanta wa matuƙi ba ya isa dalili: fitilar gargaɗi, ƙofa ko tagar ɗakin tuƙi da ba ta rufu sosai ba, ƙara ko girgizar da ba a saba ba, jirgi ya ƙi ɗaukar gudu yadda ya kamata, inji ɗaya ya ƙi kai ƙarfin da aka sa masa, agogunan gudu biyu su saɓa wa juna, taya ta fashe, ko ƙararrawa ta yi kuka cewa ba a saita ƙananan fukafukan tashi ba.

A kashi na biyu, daga nan zuwa V1, dalilan sun ragu zuwa manya: gobara ko gargaɗinta, mutuwar inji, gargaɗin muguwar juyawar iska a gaba, ko wani abin da ya nuna jirgin ba zai iya tashi ba. Jiragen zamani da kansu suke danne ƙananan gargaɗi a wannan lokacin, ba sa nuna su sai an ɗaga sama, don kada wata fitila marar muhimmanci ta ja matuƙi ya ci birki a mugun wuri.

Wa ke yanke shawarar, kyaftin ko mataimakinsa?

A yawancin kamfanoni kyaftin ne, ko da a ranar mataimaki ke tuƙi. Mataimaki zai faɗi abin da ya gani da babbar murya, kyaftin ya furta kalma ɗaya ta tsayawa ko ta ci gaba. Wasu kamfanoni sun ba mataimaki ikon tsayar da jirgi a kan manyan dalilai. Abin da ba a so shi ne mataimaki ya ga matsala ya yi shiru saboda nauyin na gaba, ko ya faɗa a yi biris da shi. Duba abin da ya faru a Legas a amsar da ke kan lokutan da ya kamata a fasa ba a fasa ba.

Me ke faruwa a cikin daƙiƙun nan? Mun ji kamar jirgin zai tarwatse.

Abubuwa huɗu ne ke faruwa kusan lokaci guda. Ana janye wutar injina. Birki mai sarrafa kansa, wanda aka riga aka saita tun kafin hawa titi, yana kamawa da iyakar ƙarfinsa. Wasu alluna suna miƙewa a saman fukafukai don su danne jirgin a ƙasa, nauyinsa ya hau kan tayoyi birki ya ci sosai. Sannan ana juya iskar injina ta riƙa hurawa gaba, wannan ne rugugin da ake ji. Fasinja zai ji an jefa shi gaba bel ya riƙe shi, duk abin da ba a adana ba zai gangara, wani lokaci har a ji warin roba.

Duk da firgicin, abin da aka ƙera jirgin ya jure ke nan. Matuƙa kuma suna maimaita wannan atisaye a na'urar kwaikwayon tuƙi a kai a kai, galibi duk wata shida.

Idan inji ya mutu bayan V1, jirgi mai inji biyu zai iya tashi da ɗaya?

Zai iya, kuma ba sa'a ba ce, sharaɗi ne. Ba a ba babban jirgin fasinja takardar izinin aiki sai an gwada an tabbatar zai iya ƙarasa tashi da inji ɗaya daga V1, ya haye abin da ke gaban titi. Lissafin nauyin da ake yi kafin kowace tafiya a kan wannan zaton ake gina shi, kamar dai injin zai mutu a mafi munin lokaci. Idan lissafi bai ba da haka ba, sai a rage kaya ko fasinja ko mai.

Kafin V1 kuwa tsayawa ake yi. A ranar 28 ga Oktoba 2016 injin dama na Boeing 767 na American Airlines ya tarwatse a Shikago a gudun not 128, alhali V1 na ranar 134 ne. Matuƙan sun tsayar da shi a kan titi, wuta ta cinye fiffiken dama, amma duk mutum 170 da ke ciki sun fita da rai.

Fashewar taya fa? Ba ƙaramin abu ba ne?

Mu a nan bai kamata mu ɗauke ta ƙaramin abu ba. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, da ke jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya bar Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka kafin tashi, amma aka ƙi jinkirta tafiya don a gyara. Taya mai ƙarancin iska tana jefa nauyinta a kan ta kusa da ita, zafi ya taru. Tun gudu bai kai V1 ba tayoyi biyu na hagu suka fashe, ƙarfen ya riƙa gogar kwalta har ya kama wuta. Matuƙan sun ji ƙara, sun yi zargin taya ce, suka ci gaba. Da aka naɗe tayoyin cikin jirgi sai aka shigar da wutar ciki, ta cinye wayoyi da bututun sarrafa jirgi, ta huda daɓen da fasinjoji ke zaune a kai. Sun juyo za su sauka, jirgin ya faɗi kusan kilomita 3 kafin titi. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ƙa'idar yau tana bin rabon gudun da aka bayyana a amsar dalilai. Idan taya ta fashe a ƙaramin gudu, a tsaya. Idan ta fashe daf da V1, yawanci an fi son a tashi, domin jirgin da ya rasa taya ya rasa wani ɓangare na birkinsa, lissafin tsayawa ya rushe. Sai a bar tayoyin a waje idan ana zargin zafi, a rage mai, a dawo a sauka da cikakken titi a gaba. A 2008 wani ƙaramin jirgi Learjet 60 a jihar South Carolina ta Amurka ya yi akasin haka: tayoyi marasa isasshiyar iska suka fashe, aka ci birki bayan V1, mutum 4 suka rasu.

A ganina abin da ya fi ciwo a Jidda ba shawarar ɗakin tuƙi ba ce. Gyaran da aka ƙi tsayawa a yi a ƙasa ne, saboda gudun jinkiri.

Tsuntsu ɗaya zai iya tsayar da ƙaton jirgi?

Zai iya idan ya shiga inji. Babban tsuntsu irin ungulu ko shirwa, ko garken balbela, kan lanƙwasa fukafukan fankar inji, a ji ƙara kamar harbi, wani lokaci wuta ta yi tartsatsi ta baya. A ƙaramin gudu sai a tsaya a duba. Bayan V1 kuwa ƙa'idar ba ta sauya ba: a ci gaba da tashi. A watan Mayu 2008 wani Boeing 747 na dakon kaya na Kalitta Air ya haɗiye ƙaramin shaho a Brussels, kyaftin ya fasa bayan V1, jirgin ya zarce titi ya karye gida uku, Allah Ya sa ba a rasa rai ba.

Juji da mahauta da gonakin hatsi kusa da filin jirgi su ke jawo tsuntsaye, shi ya sa hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen saman Najeriya ke da ma'aikatan korar su. Katanga ma tana da muhimmanci: a 2005 jirgin Air France ya afka wa shanu a titin Fatakwal, ko da yake shi wajen sauka ne.

Hasumiya na iya tsayar da jirgin da ta riga ta ba izini?

Ƙwarai. Idan jami'in hasumiya ya hango wani jirgi ko mota ta shiga titi, zai soke izinin nan take. A daren 13 ga Janairu 2023 a filin JFK na New York, Boeing 737 na Delta ya fara gudu sai Boeing 777 na American Airlines ya ratsa titin a gabansa bisa kuskure. Na'urar sa ido ta yi ƙara, jami'in ya umarci Delta ya tsaya, suka ci birki, ba wanda ya ji ciwo.

Wannan tsantseni ya samo asali ne daga haɗarin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, 27 ga Maris 1977, inda Boeing 747 na KLM ya fara gudu cikin hazo ba tare da izini ba, ya yi karo da na Pan Am, mutum 583 suka rasu. Tun daga nan aka tsaurara kalmomin rediyo, ba a furta kalmar tashi sai wajen ba da izini ko soke shi.

Zafi da hazo da hadari suna da hannu?

Suna da shi, amma kowanne ta hanyarsa. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗaga jirgi da wuri, sai jirgi ya buƙaci titi mai tsawo. Haka ma filin da ke kan tudu, kamar na Jos. Da rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, jirgi ba zai ɗauki nauyin da zai ɗauka da asuba ba. Idan aka ce an bar wasu jakunkuna sai jirgi na gaba, sau da yawa wannan lissafin ne. Mutanen Kano ba su manta 4 ga Mayu 2002 ba, ranar da jirgin kamfanin EAS ya cinye titi bai ɗaga ba, ya shiga ƙasa injinansa suka shaƙi ƙura, ya ɗan tashi ya faɗa unguwar Gwammaja, sama da mutum 100 suka rasu.

Hazon hunturu yawanci hana fara tafiya yake yi, ba katse ta ba. Ruwa a kan titi yana rage cin birki, sai a sauke V1 ƙasa. Wanda ya fi haɗari shi ne hadarin damina, mai zuwa da iskar da ke juyawa kwatsam ta danno jirgi ƙasa. Ita ta samu jirgin kamfanin ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006 jim kaɗan bayan tashinsa zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Jiragen yanzu suna da na'urar hango irin wannan iska, kuma gargaɗinta na cikin 'yan dalilan da ke halatta tsayawa a babban gudu.

Akwai lokutan da ya kamata a fasa amma ba a fasa ba?

Akwai, kuma su ne suka fi sa ni ganin bai dace a yi wa matuƙin da ya tsaya tsiya ba. A ranar 3 ga Oktoba 2013 wani Embraer 120 na Associated Aviation ya bar Legas zuwa Akure ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu. Tun daga fara gudu na'ura take ta gargaɗi cewa ba a saita jirgin daidai ba, jirgin kuma ba ya ɗaukar gudu. Mataimaki ya tambaya ko a fasa, kyaftin ya ce a ci gaba. Jirgin ya ɗaga ya faɗi nan take, mutum 16 cikin 20 suka rasu.

A Fabrairu 1996 Boeing 757 na Birgenair ya bar Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika. A not 80, wurin da matuƙa ke gwada agogunan gudunsu, kyaftin ya lura nasa ba ya aiki daidai, amma ya ci gaba. Mintuna kaɗan bayan tashi jirgin ya faɗa teku da mutum 189. Jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye, kuma masu bincike sun fi kyautata zaton zanzaro ne ya yi gini a cikin ɗan bututun da ke auna gudu. Zanzaro ba baƙo ba ne a wurinmu, don haka rufe waɗannan bututu idan jirgi zai kwana a ajiye ba aikin wasa ba ne.

An taɓa tsayawa bayan V1 kuma aka ce matuƙi ya yi daidai?

An taɓa, domin ƙa'idar ta bar ƙofa ɗaya: idan jirgin ba zai iya tashi ba sam. A ranar 8 ga Maris 2017 a jihar Michigan ta Amurka, kyaftin ɗin wani MD-83 na Ameristar ya ja sitiyari don ɗaga hanci, jirgi ya ƙi ɗagawa. Iska mai ƙarfi ta maƙale wani sashe na wutsiyarsa tun yana ajiye, ta yadda binciken da aka saba yi kafin tashi ba zai gano ba. Ya ci birki bayan V1, jirgin ya zarce titi ya fasa shinge, amma duk mutum 116 suka tsira. Hukumar bincike ta Amurka ta ce shawararsa daidai ce. Bambancinsa da Malaga shi ne wancan jirgin zai iya tashi, wannan ba zai iya ba.

Me ya sa muka ga hayaƙi a tayoyi, motocin 'yan kwana-kwana suka kewaye mu, aka bar mu zaune?

Duk ƙarfin gudun nan zafi ya koma a cikin birki, har yakan yi ja. Don kada zafin ya fasa taya, an sa wasu ƙananan toshe a jikin ƙarfenta waɗanda ke narkewa su saki iskar a hankali. Idan ka ga tayoyi sun sace bayan tsayawa, da gangan aka tsara haka. Iskar ma ba ta gama-gari ba ce, naitirojin ce, wadda ba ta taimakon wuta. 'Yan kwana-kwana suna zuwa ne su auna zafi su zauna cikin shiri, kuma ta gaba ko ta baya suke tunkarar taya, ba ta gefe ba.

Kafin a amince da sabon samfurin jirgi, ana loda masa iyakar nauyinsa, a sa masa birkin da ya cinye, a tsayar da shi daga babban gudu da birki kaɗai, sannan a bar shi minti biyar ba a zuba ruwa ba, don a tabbatar wuta ba za ta kai ga fasinja ba. Zaman da ake bari a yi a ciki sau da yawa ya fi fita aminci, domin fitar gaggawa ita kanta tana jawo karaya da targaɗe.

Za a sake tashi da jirgin nan take?

Ya danganta da dalili da kuma gudun da aka kai. Idan ƙaramin abu ne a ƙaramin gudu, kamar tagar da aka rufe ko izinin da hasumiya ta soke, ana iya komawa layi. Idan an yi gudu sosai, dole birki ya huce tukuna, wanda kan ɗauki har awa ɗaya ko fiye, domin zafaffen birki ba zai iya tsayar da jirgi karo na biyu ba. Injiniya mai lasisi ne zai duba ya sa hannu. Wani lokaci a ƙara mai, wani lokaci awannin aikin matuƙa su ƙare a nemo wasu.

Idan jinkiri ya yi tsawo, dokokin hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya sun tanadi haƙƙin fasinja na bayani da abin taɓawa, da mayar da kuɗi ko masauki gwargwadon tsawon jinkirin, kuma tana da jami'an karɓar koke a filayen jirage. Nemi haƙƙinka, amma kada a taru a matsa wa ma'aikata cewa lallai sai an tashi da wannan jirgin yanzu.

Ni fasinja, me ya kamata in yi?

Kafin tashi ka ɗaure bel ya kama ƙugu sosai, ka miƙar da kujera, ka naɗe ɗan tebur, ka bar takalminka a ƙafa, ka ƙirga layukan kujeru tsakaninka da ƙofa mafi kusa, gaba da baya. Idan aka ci birki ka zauna, ka saurari ma'aikata. Kada ka buɗe ƙofar gaggawa da kanka ba tare da umarni ba: a Shikago an fara fita inji ɗaya bai mutu ba, iskarsa ta kayar da wani fasinja ya ji mummunan rauni.

Idan aka ce a fita, ka bar kayanka, ko jakar fasfo ce ko tsarabar Makka. An tsara jirgi ne a kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. A ranar 22 ga Agusta 1985 Boeing 737 na British Airtours ya fasa tashi a Manchesta bayan injin hagu ya fashe ya huda tankin mai. Jirgin ya tsaya lafiya, amma iska ta kaɗo wuta jikinsa, mutum 55 cikin 137 suka rasu, akasarinsu hayaƙi ne ya kashe su suna cunkushe a hanyar fita. Bayan wannan aka faɗaɗa wurin ƙofofin kan fiffike, aka ƙara tsaurara dokar kayan cikin jirgi masu jure wuta. Duk da haka a Las Vegas a 2015, da Boeing 777 na British Airways ya kama wuta bayan fasa tashi, an ga mutane suna fitowa da akwatuna. Kowa ya tsira a ranar, amma duk wanda ya tsaya buɗe ma'ajiyar sama, lokacin na bayansa yake ci.

Ana bincike? Ana hukunta matuƙin da ya fasa?

Kowane fasa tashi ana rubuta shi a littafin jirgi da rahoton kamfani. Idan abin ya yi tsanani, kamar gobara ko zarce titi ko rauni, a Najeriya hukumar binciken haɗurra ta NSIB ce ke bincike, wadda ta gaji tsohuwar hukumar AIB a 2022. Tana sauraren na'urar naɗar murya, ta karanta ta naɗar bayanan tafiya, ta fitar da rahoton farko, daga baya na ƙarshe, kuma ana wallafa su kowa ya karanta. Bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, manufar irin wannan bincike hana maimaituwa ce, ba neman mai laifi ba.

Kamfanin da ya san abin da yake yi ba ya hukunta matuƙi don ya tsaya a kan dalili, ko da daga baya an gano fitilar ce ta yi ƙarya. Idan matuƙi ya san za a tuhume shi kan kuɗin tayoyi da jinkiri, gobe zai ga gargaɗi ya yi shiru ya ci gaba. Abin da ake dubawa shi ne a wane gudu ya yanke shawara, da ko ya bi matakan da aka koya masa, idan kuma an ga giɓi sai a mayar da shi na'urar horo kafin ya koma aiki.